Awon Hanta Ba Tare Da Allura Ba: Aikin Farfesa Maud Lemoine Da Amfaninsa Ga Mutanen Adjamé Da Treichville

A filinmu na kiwon lafiya na wannan wata za mu yi magana ne a kan hanta, da kuma wata likita wadda ta shafe fiye da shekara goma tana bincike da rubuce-rubuce a kan yadda za a gane halin da hantar mutum take ciki tun kafin ciwo ya kwantar da shi.

Duk wanda ya daɗe a Adjamé ko Treichville ya taɓa jin irin wannan labari. Magidanci ne ɗan shekara arba'in, yana tsakiyar ƙarfinsa, yana sana'arsa ta albasa ko goro ko yana tuyar kifi a rumfar garba, sai a ga ya fara ramewa, idanu sun yi ɗorawa, ciki ya kumbura. Wasu su ce shawara ce, wasu su ce sammu aka yi masa, a yi ta jiƙe-jiƙe. Ran da aka kai shi asibiti aka ɗauki hoton cikinsa, sai likita ya ja 'yan'uwa gefe. Daga nan ko dai a haɗa kuɗin mota a mayar da shi gida Tawa ko Maraɗi ko Kano, ko kuwa a yi jana'izarsa a nan Abijan kafin wata uku.

Wata ukun nan yana rubuce a littattafan likitoci. A shekarar 2017 wata ƙungiyar likitoci, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Lewis Roberts, mutumin Gana da ke aiki a asibitin Mayo na Amurka, ta buga sakamakon binciken da ta yi a kan masu ciwon dajin hanta 2,566 a ƙasashen Afirka tara, ciki har da Kwadibuwa da Najeriya da Gana. In aka ware Masar, a sauran ƙasashe takwas ɗin rabin majiyyatan ba su wuce shekara 46 da haihuwa ba, kuma rabinsu sun rasu cikin wata biyu da rabi bayan an gano ciwon. Kashi 3 cikin 100 ne kawai suka sami maganin da ya shafi dajin kansa. A Masar kuwa, inda aka fi gano ciwon da wuri, kashi 76 cikin 100 ne suka sami magani.

Babban mai jawo wannan daji a yankinmu shi ne ciwon hanta mai lamba B, wanda likitocinmu ke kira epatit B. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ƙwayar cutar a duniya, miliyan 65 daga cikinsu a Afirka, kuma waɗanda suka san suna da ita a Afirka ba su kai 5 cikin 100 ba. A nan Kwadibuwa akan ƙiyasta cewa mutum 8 zuwa 10 cikin kowane 100 suna ɗauke da ita. Mafi yawansu sun kamu ne tun a wajen haihuwa ko suna ƙanana. Ƙwayar cutar sai ta zauna shekara ashirin ko talatin tana yi wa hanta rauni, raunin yana warkewa yana barin tabo, tabo yana taruwa har hanta ta ƙandare, abin da likita ke kira siroz. Duk tsawon wannan lokaci mutum ba ya jin komai, domin hanta ba ta da raki. To, ta yaya za a san wanda hantarsa ta fara lalacewa a cikin dubban mutanen da ke yawonsu lafiya lau?

HANYOYIN LEƘA HANTA

Hanya ta farko ita ce a soka doguwar allura ta tsakanin haƙarƙari a tsinko ɗan guntun hanta a duba shi a madubin likita. Wannan shi ake kira biyopsi. Yana da zafi, yakan jawo zubar jini wani lokaci, yana bukatar ƙwararren da zai karanta tsokar, ga shi kuma abin da allurar ke ɗebowa bai wuce kashi ɗaya cikin 50,000 na hantar ba. Ba abu ne da za a yi wa jama'ar unguwa guda ba.

Hanya ta biyu ita ce hoton ekogarafi, irin wanda ake yi wa mata masu juna biyu. Yana nuna girman hanta da siffarta, da ƙari idan ya fito, da ruwa idan ya taru a ciki, da kumburin saifa. Amma tabon farko-farko ba ya fitowa sosai a wannan hoto, sai abin ya yi nisa. Manyan na'urori irin su sikana sun fi shi gani, sai dai kuɗinsu ya fi ƙarfin talaka.

Hanya ta uku ta fito ne daga Faransa. Kowane mahauci a mayankar Port-Bouët ya san cewa lafiyayyar hanta tana da laushi, wadda ta yi ciwo kuwa takan yi tauri a hannu. A kan wannan hikima wani masanin kimiyya mai suna Laurent Sandrin, wanda ya yi karatunsa a ɗakin binciken Farfesa Mathias Fink a birnin Faris, ya ƙera na'urar FibroScan. An kafa kamfanin Echosens mai ƙera ta a 2001, aka buga takardar farko a kan gwajinta a jikin majiyyata a 2003. Akan ɗora kan na'urar a tsakanin haƙarƙarin dama, sai ta ɗan ƙwanƙwasa fata, girgizar ta ratsa cikin hanta, na'urar kuma ta bi ta da sautin da kunne ba ya ji ta auna saurinta. Gwargwadon taurin hanta, gwargwadon saurin girgizar. Akan maimaita sau 10, cikin minti biyar zuwa goma an gama, babu allura babu jini. Sakamakon yana fitowa da ma'aunin da ake kira kilopaskal, wanda akan rubuta kPa a takarda. Lafiyayyar hanta takan tsaya wajen 5, na'urar kuma tana iya aunawa har 75.

Sai dai akwai wani hanzari. Gwaje-gwajen farko na wannan na'ura an yi su ne a kan Turawa masu ciwon hanta mai lamba C. Shin abin da aka gani a asibitocin Faransa zai yi daidai da hantar baƙar fata mai epatit B, wanda ya kamu tun yana jariri, ya kuma tashi cikin zazzaɓin cizon sauro da tsagiya? Sai an gwada akan san na ƙwarai. A nan ne aikin likitar da muke magana a kanta ya shigo.

WACE CE FARFESA LEMOINE?

Maud Lemoine Bafaranshiya ce, likitar hanta, wadda ta yi karatunta a Faransa, daga baya ta zama farfesa a jami'ar Imperial College ta Landan, tana kuma duba majiyyata a asibitin St Mary's. A shekarar 2011 aka fara wani shiri mai suna PROLIFICA da kuɗin Tarayyar Turai, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mark Thursz, domin rigakafin ƙandarewar hanta da dajinta a Gambiya da Sanagal da Najeriya. Lemoine ta tare a Gambiya, a cibiyar binciken likitanci ta MRC da ke Fajara, tana aiki tare da likitocin ƙasar irin su Dokta Ramou Njie da Dokta Gibril Ndow. A ɓangaren Najeriya kuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Jos ne ya riƙe aikin, inda Farfesa Edith Okeke take.

Ba a zaɓi Gambiya a banza ba. Tun 1986 aka fara babban gwajin allurar rigakafin epatit B ga jarirai a can, a 1990 kuma allurar ta game ƙasar. Yara sun sami kariya, amma manyan da aka haifa kafin lokacin, waɗanda suka riga suka kamu, babu wanda ya waiwaye su. Su ne PROLIFICA ta fita nema, da ɗan gwajin jini na ɗigo ɗaya da kuma FibroScan.

Takardun da Lemoine ta sa hannu a cikinsu a mujallun likitoci sun haura ɗari. Ba za mu iya bin su duka ba, za mu ɗauki biyar ne waɗanda suka fi shafar mai karatu.

TAKARDU BIYAR

Ta farko ta fito a 2014, kuma a kan abu ne mai sauƙi, wato karin kumallo. An auna hantar masu epatit B da ta lafiyayyun mutane a Gambiya kafin su ci abinci, aka ba su abinci, aka sake aunawa. Sai aka ga hanta tana ƙara tauri bayan cin abinci, saboda jinin da ke kwararowa cikinta daga hanji, har na'urar ta nuna wasu a matsayin masu tabo alhali ba su da shi. Wannan yana cikin dalilan da suka sa ake gaya wa mutum ya zo awo da yunwa, aƙalla awa uku bai ci komai ba.

Ta biyu ita ce babbar takardar PROLIFICA, wadda mujallar The Lancet Global Health ta buga a 2016. Daga Disamba 2011 zuwa Janairu 2014 ma'aikata sun shiga ƙauyuka 27 da unguwannin birni 27, suka gwada jinin mutum 5,980 masu shekara 30 zuwa sama, wato kusan bakwai cikin kowane goma da aka gayyata. Aka sami 495 ɗauke da ƙwayar cutar, kimanin ɗaya cikin 12 ke nan. Daga cikinsu 402 suka je asibiti aka yi musu cikakken bincike har da awon taurin hanta. Waɗanda aka ga suna bukatar magani nan take, bisa ƙa'idar wancan lokaci, mutum 18 ne kacal. Wannan takarda ta rushe maganganu biyu da aka daɗe ana yi. An ce mutanen Afirka ba za su yarda a gwada jininsu ba, sai ga shi sun yarda da aka je har ƙofar gidajensu. An kuma ce masu cutar sun yi yawan da ba za a iya ɗaukar nauyinsu ba, sai awo ya nuna cewa ana iya tace su a fara da waɗanda hantarsu ta fi shiga haɗari.

Ta uku ta fito a mujallar Gut, ita ma a 2016. Na'urar FibroScan tana da tsada, ba kowane asibiti ke da ita ba, domin haka likitoci ke neman lissafin da za a yi da gwajin jini mai araha ya tsaya a madadinta. Wanda aka fi sani shi ne APRI, wanda ake haɗa awon wani sinadarin hanta mai suna ASAT da adadin ƙwayoyin da ke daskarar da jini, wato plaket. Amma shi ma APRI an ƙirƙiro shi ne a 2003 a Amurka a kan masu ciwon hanta mai lamba C. Lemoine da abokan aikinta sun kwatanta sakamakon biyopsi na majiyyatan Gambiya da FibroScan da gwajin jini. Suka tabbatar cewa na'urar tana aiki sosai a kan hantar mutanen yankinmu, suka kuma fito da sabon lissafi mai suna GPR, wanda suka sake gwadawa a kan majiyyatan Sanagal da Faransa.

Ta huɗu ta fito a 2018 a Journal of Hepatology, tare da Dokta Yusuke Shimakawa, ɗan ƙasar Japan da ke cibiyar Pasteur ta Faris. Gwajin da ke ƙidaya yawan ƙwayar cutar a jini yana da tsada ƙwarai, kuma sai a manyan birane. Sai suka tsara wani ma'auni mai suna TREAT-B, wanda ke amfani da gwaje-gwaje biyu masu sauƙi domin a gane wanda ya kamata a ɗora a kan magani.

Ta biyar ita ce ta fi girgiza al'amura. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Maris na 2015, an ce inda babu na'ura, idan lissafin APRI na baligi ya haura 2, a ɗauka hantarsa ta ƙandare a ba shi magani. Likitocin Afirka suka haɗu a wata ƙungiya mai suna HEPSANET, suka tara bayanan majiyyata 3,548 daga ƙasashe takwas, ciki har da Najeriya da Burkina Faso da Sanagal da Gambiya da Habasha, waɗanda duk an yi musu awon FibroScan. Sakamakon ya fito a mujallar Nature Communications a 2023, da sunan Dokta Asgeir Johannessen na Nowe a farko, da na Lemoine a ƙarshe. Abin da suka gano shi ne, a cikin kowane mutum 100 da na'ura ta nuna hantarsu ta ƙandare, ƙa'idar Hukumar ba ta kama fiye da 17 ba. Sauran 83 ɗin lissafin ba zai nuna cewa hantarsu ta ƙandare ba.

A watan Maris na 2024 Hukumar ta fitar da sabuwar ƙa'ida. Yanzu ana ba da shawarar a ɗora mutum a kan magani, tun daga ɗan shekara 12, idan APRI ɗinsa ya haura 0.5 ko kuma awon FibroScan ya haura 7. Ana ɗaukar hanta ta ƙandare idan APRI ya haura 1 ko awon na'ura ya haura 12.5. Haka nan wanda ke da tarihin dajin hanta ko siroz a danginsa, ko yana da ciwon sukari, ko ƙanjamau, ya shiga sahun masu karɓar magani. Hukumar ta duba bincike masu yawa daga sassan duniya kafin ta yanke wannan hukunci, amma muryar likitocin Afirka da alkaluman da suka tara suna cikin abin da ya nuna cewa tsohuwar ƙofar ta yi ƙunci.

YADDA AKE AUNA AIKIN MAI BINCIKE

A jami'o'i akwai hanyoyin da ake auna mai bincike. Akan ƙidaya takardun da ya buga. Akan kuma ƙidaya sau nawa wasu masana suka kafa hujja da su a nasu rubutun, kamar dai yadda ake gane girman malami ta yawan masu ambaton karatunsa. A 2005 wani masanin kimiyya a Amurka mai suna Jorge Hirsch ya fito da wani lissafi da ya haɗa biyun, wanda ake kira ma'aunin h. Idan aka ce ma'aunin mutum 20 ne, ana nufin yana da takardu 20 waɗanda kowace ɗaya an ambace ta aƙalla sau 20. Har jerin sunaye a kan takarda yana da ma'ana a wurin likitoci. Na farko yawanci shi ne ya yi ɗawainiyar aikin da rubutun, na ƙarshe kuwa shi ne babban da ya jagoranta. A takardun 2014 da 2016 sunan Lemoine ne a farko, a na 2018 da 2023 kuwa ya koma ƙarshe, wato ta tashi daga mai riƙe na'ura ta zama mai horar da wasu.

Waɗannan ƙidaye-ƙidaye suna da amfani wajen ƙarin girma da neman kuɗin bincike. Amma mai tallan goro a Adjamé ba ruwansa da su. Abin da ya dame shi shi ne, shin rubutun ya canza abin da likita zai gaya masa ran da ya kai takardar gwajinsa? A kan wannan ma'auni takardar karin kumallo da ta HEPSANET sun biya kuɗin tawadarsu.

Ya kamata kuma a faɗi inda aikin bai kai ba. Lissafin GPR bai sami karɓuwar da aka yi fata ba. Da aka gwada shi a Kumasi a kan masu epatit B haɗe da ƙanjamau, bai yi daidai da awon na'ura sosai ba, wasu masu bincike a ƙasar Sin kuma ba su ga ya fi APRI ba, Hukumar Lafiya ta Duniya ma APRI ɗin ta ci gaba da riƙewa. Haka ilimi yake, wani ya kawo, wani ya gwada, abin da ya tsaya ya tsaya. Har wa yau, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowace takarda daga cikin waɗannan tana ɗauke da sunayen likitoci da ma'aikatan jinya da masu gwajin jini na Afirka, waɗanda su ne suka shiga ƙauyuka suka shawo kan jama'a, ko da yake sunan da duniya ta fi ji na Turai ne.

TO, A NAN ABIJAN FA?

Likitocinmu ba su zauna suna kallo ba. A 2015 Lemoine ta rubuta wata takarda tare da Farfesa Serge Eholié na sashen cututtuka masu yaɗuwa na CHU ta Treichville, da Farfesa Karine Lacombe ta Faris, inda suka yi kira da a daina wofintar da ciwon hanta a Afirka, a kuma yi koyi da hanyoyin da aka bi wajen yaƙi da ƙanjamau, wato gwaji mai sauƙi da magani mai araha kusa da jama'a. Kafin nan, a 2012, Dokta Alassan Mahassadi da abokan aikinsa a Abijan sun buga bincike a kan yadda za a yi amfani da girman saifa a hoton ekogarafi da adadin plaket a gane masu siroz da jijiyoyin maƙoshinsu suka kumbura, waɗanda ke cikin haɗarin aman jini. A 2017 kuma Dokta Antoine Jaquet na Bodo da likitocin Abijan da Dakar da Lome suka buga sakamakon awon taurin hanta da suka yi wa masu ƙanjamau, inda suka ga shan giya mai yawa da epatit B suna tafiya tare da tabon hanta.

Tun 1994 akwai rajistar masu ciwon daji ta Abijan a CHU ta Treichville, kuma dajin hanta yana cikin waɗanda suka fi kama maza a alkalumanta. An shigar da allurar epatit B cikin rigakafin yara na ƙasa a farkon shekarun 2000, aka kuma kafa shirin ƙasa na yaƙi da ciwon hanta a 2008. Ma'anar wannan ita ce, yawancin manyan da aka haifa kafin 2000, a nan ne ko a Nijar ko a Najeriya, ba su sami rigakafi suna jarirai ba. Halinsu ɗaya da mutanen da PROLIFICA ta fita nema a Gambiya.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Na farko, kowane baligi ya gwada jininsa ko da sau ɗaya ne. Sunan gwajin a takarda shi ne AgHBs. Ana iya neman sa ta hannun likita a babban asibitin Adjamé ko a CHU ta Treichville. Duk jinin da aka bayar kyauta a cibiyar ƙarin jini ta ƙasa da ke Treichville ma sai an gwada shi.

Na biyu, wanda aka samu da ƙwayar cutar kada ya yanke ƙauna. Da yawa suna rayuwa da ita har tsufa. Ya nemi ganin likitan hanta, a yi masa gwajin ASAT da ALAT da plaket, da hoton ekogarafi, da FibroScan idan ya samu. Ranar awo kada a tsaya wurin mai shayi ko mai garba, a je da cikin wofi. A kuma sani cewa FibroScan tauri kawai yake aunawa, ba ya ganin ƙari, domin haka ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya.

Na uku, kuma wannan shi ne mafi muhimmanci, duk wanda aka taɓa gaya wa kafin 2024 cewa yana da epatit B amma bai kai shan magani ba, ya ɗauki takardunsa ya koma wurin likita a sake dubawa, domin ma'aunin ya canza. Maganin da aka fi bayarwa shi ne tenofobir, ƙwaya ɗaya a rana. Ba ya kashe ƙwayar cutar gaba ɗaya, amma yana danne ta, yana ba hanta damar murmurewa, yana kuma rage haɗarin daji. Wanda ya fara kada ya daina da kansa, domin dainawa farat ɗaya tana iya tayar da ciwon da ƙarfi. Masu zuwa ganin gida su yi guzurin maganin da zai kai su ya dawo da su, su kuma riƙe takardun awonsu tare da takardun tafiya.

Na huɗu, wanda hantarsa ta ƙandare, ko wanda dajin hanta ya taɓa kashe wani a gidansu, ya riƙa yin hoton ekogarafi kowane wata shida ko da yana jin garau. Ƙari yana ƙarami ake iya yanke shi ko ƙone shi. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na biyar, a gwada mata da 'ya'ya da 'yan'uwan da aka haɗa uwa, wanda ba shi da cutar a yi masa allurar rigakafi. Mace mai ciki ta nemi gwajin a wajen awo, a kuma nemi a yi wa jariri allurar farko cikin awa 24 da haihuwa, domin jaririn da ya kamu, sau tara cikin goma cutar takan zauna masa har girma. Wanzamai da masu yankan farce da masu kaciya su riƙa amfani da sabuwar aska ga kowane mutum. A guji giya, da gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna, da jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba. Amma kada a ƙyamaci mai cutar, domin ba a ɗaukarta ta musafaha ko zufa ko cin abinci a kwano ɗaya.

A ƙarshe muna kira ga sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na mata a Adjamé da Treichville. Darasin Gambiya shi ne, idan aka kai gwaji inda mutane suke, ta hannun shugabannin da suka amince da su, suna fitowa. Kowace 28 ga watan Yuli ake ranar ciwon hanta ta duniya, wato ranar haihuwar Dokta Baruch Blumberg wanda ya gano ƙwayar cutar, ya kuma sami kyautar Nobel a 1976. Babu abin da zai hana ƙungiyoyinmu su tuntuɓi shirin ƙasa na yaƙi da ciwon hanta tun da wuri, a shirya ranar gwaji a unguwa, a kuma ware wani abu daga asusun taimakon juna domin kuɗin hoto da awo ga waɗanda aka samu da cutar. Kuɗin da muke tarawa na mayar da majiyyaci gida ko na jana'iza, kaɗan daga cikinsa zai isa a duba hantar mutane da dama tun suna kan ƙafafunsu.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana lafiya da zama lafiya, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.